Mako Uku a Gidan 'Yan Kwana-Kwana

A wannan mako zan ɗan ajiye zancen girki da ɗinki, in kai ku wata ƙasa mai nisa, watau Jamus, mu ga yadda mutanen wani ɗan ƙauye suke tsare garinsu daga gobara, da kuma abin da wannan tsaro yake jawo wa mata da 'ya'ya a cikin gida. Na sami zuwa can ne cikin wata ziyara ta ƙananan malamai don duba makarantun karkara, aka sauke ni a gidan wata malama har mako uku, daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli.

Ƙauyen yana kudu maso yammacin ƙasar, cikin jihar Baden-Württemberg, a wani yanki na tuddai da suke kira Schwarzwald, ma'anarsa Baƙin Daji. An ba shi wannan suna ne saboda itatuwansa dogaye masu duhun ganye, sun haɗa kai har rana ba ta ratsa su sosai. Daga birnin Offenburg ake shiga jirgin ƙasa, ya bi gefen wani kogi wai shi Kinzig. Hanyar jirgin nan tun 1873 aka gama ta, kuma wanda ya bi ta har ƙarshe sai ya ratsa ramin dutse 39. Ni kuwa tafiyar kamar rabin sa'a na yi aka ce in sauka. Da na ɗaga kai na dubi allon tashar, sai na ga an rubuta Hausach. Na ce ikon Allah, ashe 'yan'uwa sun riga ni isowa! Amma fa babu abin da ya haɗa sunan da mu, kuma su da wani irin kaki a maƙogwaro suke ƙarasa faɗinsa. Daga nan aka ɗauke ni a mota muka yi ta hawan tudu.

Abin da zai fara ɗaukar idon baƙo shi ne gidajen manoma. Kowane gida yana can shi kaɗai a gefen tudu, tsakaninsa da maƙwabci tafiya ce. Gida ne ƙato na katako, rufinsa ya sauko ƙasa-ƙasa kamar malafa, kuma a ƙarƙashin wannan rufi ɗaya mutane suke, da shanu, da abincin shanun na shekara. Mutane a gaba, turken shanu a baya, ingirici kuwa a bene, har da wata 'yar gada daga jikin tudu wadda amalanke ke bi ya shiga benen kai tsaye. Dalili kuwa sanyi ne, domin in ƙanƙara ta rufe ƙasa ba mai son fita fili don ya ba saniya ciyawa. To, ku da kuka san yadda danga da jinka suke ci in hunturu ya kama, sai ku auna gidan katako mai cike da busasshiyar ciyawa har rufi.

A wani ƙauye na kusa, Gutach, an kai ni wani gida irin wannan da aka gina a 1612, ana kiransa Vogtsbauernhof, tun 1964 aka mai da shi wurin kallo. Ɗakin girkinsa baƙi ƙirin, don ba shi da bututun fitar hayaƙi. Hayaƙin murhu sai ya bi cikin gidan ya fita ta sama, yana mai da naman da aka rataye banda, yana kuma korar ƙwarin da ke cin katako. A nan na ga dabarar mutanen dā. Rumbunsu nesa da gida suke gina shi, su zuba hatsi, su ajiye takardu da tufafin ado, don in gida ya tafi kada a rasa na baka da na jiki gaba ɗaya. Gidaje da yawa kuma suna da ɗan tafki a gefe, wanda babban amfaninsa shi ne ranar da ba a fata. Sun sha wuya kafin su koyi wannan. Garin Schiltach, da ke gaba kaɗan a bakin kogin nan, ya ƙone a 1533, ya sake ƙonewa a 1590. A gobarar 1533 ɗin, da aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, sai aka kama wata baranya aka ce mayya ce, aka ƙona ta da rai. Allah Sarki.

Da muka komo gida sai na tambayi malamar daga wane birni 'yan kwana-kwana suke zuwa in wuta ta tashi a wannan lungu. Ta yi dariya, ta nuna mijinta, wani kafinta mai yawan shiru da ke zaune yana shan gahawa, ta ce, "Malama, ga ɗaya nan. Ta biyu kuwa ita ce ke magana da ke."

Ashe a Jamus manyan birane ne ke da rundunonin 'yan kwana-kwanan albashi, kamar Freiburg da Karlsruhe, galibi inda mutane suka haura 100,000, kuma irin waɗannan rundunoni ɗari da 'yan kai ne a ƙasar duka. Sauran garuruwa da ƙauyuka su da kansu suke kashe wutarsu. Akwai ƙungiyoyin sa kai fiye da 20,000, mutanen cikinsu kuwa wajen miliyan 1. Doka ta ɗora wa kowace hukumar gari ta sayi motoci da mesa da tufafi, ta gina tasha, amma hannuwan da za su riƙe mesar na manomi ne da makaniki da mai gasa burodi da malamar makaranta. Ba su da albashi, sai ɗan ihisani, da kuma mayar musu da abin da suka yi hasara na ladan aikinsu na ranar. Abin ya daɗe. A 1846 wani magini na garin Durlach, mai suna Christian Hengst, ya tara mutanen gari ya horar da su kamar soja, kowa da nasa aiki. A watan Fabrairu na 1847 gidan wasan kwaikwayo na Karlsruhe ya kama wuta, mutum fiye da 60 suka hallaka, mutanen Durlach suka zo da famfonsu suka tare wutar, ba ta tsallaka gine-ginen da ke kusa ba. Labari ya bazu, garuruwa suka shiga koyi da su.

Yadda suke yi ke nan. In mutum ya ga wuta ko hatsari sai ya buga lamba 112, wani ofishi a birni ya karɓa, nan take ya buga wa 'yan ƙungiyar ƙauyen wata 'yar ƙararrawa, girmanta bai fi akwatin ashana biyu ba, wadda kowa ke maƙale da ita a ƙugu dare da rana. Abin da ake nema a jihar shi ne daga bugun ƙararrawa zuwa isowar mota ta farko, da mutum 9 a cikinta, kada ya wuce minti 10. Ku lissafa da kanku. Cikin wannan minti 10 mutum zai bar abin da yake yi, ya kai tasha, ya sa tufafin aiki da takalma da hular kwano, a tuƙa mota a hau tudu. Babu lokacin cewa bari in sauke tukunya, balle neman wanda zai riƙe yaro. Saboda haka duk gidan da ke da ɗan kwana-kwana, gidan ne gaba ɗaya ya shiga aikin, ko sun sani ko ba su sani ba.

Gidan da na sauka suna da 'ya'ya uku: yarinya 'yar shekara 12, da yaro ɗan 8, da auta 'yar 3. Sa'an nan ga uwar maigidan, tsohuwa mai ƙarfin hali, tana zaune a wani ɗan gida a gefe, kamar yadda al'adar manoman wurin take in tsofaffi sun miƙa wa ɗa gona. Yara suna kiranta Oma, watau kaka, ni kuwa Iya nake ce mata, ta kuwa amsa. A bangon ɗakin girki akwai kalanda da aka shafa wa launi biyu, mako ɗaya ja, mako ɗaya shuɗi. Ja na uwargida ne, shuɗi na maigida. Wanda makonsa ne shi ke fita in an buga da yamma ko da dare, ɗayan ya tsaya da yara. Da safe malama ba ta fita ko me ya faru, domin ba a barin aji babu babba. Daga azahar zuwa la'asar kuwa, sa'ad da maigida yake can wurin aiki a wani gari, ita ce ke fita, Iya ta shigo ta zauna. Motarsu kullum gabanta na duban hanya, makulli na rataye a ƙusa ɗaya da ba a sauya masa wuri, takalma a bakin ƙofa. Yaron nan ɗan 8 ya san laifi ne babba ya yar da kekensa a bayan mota ko a gabanta.

Ran wata Talata, a makon ja, muna zaune ana cin abincin yamma, burodi da cuku da miya, rana tana nan tsaye kamar la'asar ko da yake bakwai ta yi (a wannan lokaci na shekara sai bayan ƙarfe tara take faɗuwa, na sha jiran magariba), sai ƙararrawa biyu suka ɗauka tare. Ba wanda ya ce uffan. Malama ta ajiye cokali, kafin in juya sai ƙarar ƙofa na ji, sa'an nan ƙarar mota. Auta ta fashe da kuka. Uban ya ɗauke ta ya kai ta taga, suka tsaya har suka hango shuɗiyar fitilar motar kwana-kwana ta wuce can ƙasa cikin kwari, ya ce mata ga Mama can, yi mata bai-bai. Daga nan ya komo ya kwashe kwanuka ya wanke, ya yi wa auta wanka, ya duba wa yaron lissafinsa na makaranta. Na lura abincinsa bai ƙara taɓa shi ba, kuma ya dubi agogo ya fi a ƙirga.

Sai bayan sa'a biyu ta dawo. Ba gobara ba ce, wani mai babur ne ya kauce a kwana ya faɗa ƙarƙashin ƙarfen gefen hanya. Ashe yawancin kiran da ake yi musu ba na wuta ba ne: hatsarin mota, itacen da iska ta kayar a hanya, ruwan da ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tsohon da ya faɗi a ɗaki ƙofa a kulle. Ta shigo da kayanta na gida, don tufafin aiki a tasha ake barin su, ba a kawo su inda yara suke saboda dafin hayaƙi da ke kama su. Yarinyar ta tambaye ta me ya faru, ta ce an kai mutumin asibiti, je ki kwanta. Da yara suka yi barci na ji su ita da mijin suna magana ƙasa-ƙasa a ɗakin girki har dare ya yi nisa. Da safe ƙarfe takwas saura tana gaban allo tana koya wa 'yan aji biyu jam'i, kamar ba ita ba. Daga baya ta gaya mini abin da ya fi wuya a ƙaramin gari shi ne kana cikin mota kana jin sunan unguwar da za ka, ka kuwa san kowane gida da ke wurin, da wanda ke kwana a kowane ɗaki.

Wanda ya fi ba ni labari mai daɗi Iya ce, jikarta tana yi mana tafinta. Marigayi mijinta ya yi fiye da shekara 40 a ƙungiyar. A zamaninsu babu 'yar ƙararrawa, jiniya ce a kan rufi a tsakiyar gari, in ta ɗauka kowa ya farka har jarirai. Babu kuma zancen makon ja da makon shuɗi, domin mata ba sa ciki. Miji ya fita, mata ta kwana ido biyu, asuba ta yi ta tatse shanu ita kaɗai, ta shirya yara, sa'an nan ta dafa gahawa a babbar tukunya ta yanka burodi, su da sauran mata su kai wa mazan inda suke aiki. Ta tuna ranar 26 ga Disamba 1999, kashegarin Kirsimeti, da wata guguwa da suka sa wa suna Lothar ta ratsa Baƙin Daji ta kwantar da itatuwa kamar an yi musu girbi. Ana shirin cin abincin biki mijin da ɗan suka fita sare itatuwan da suka toshe hanyoyi. Ita aka bari da shanu, ga lantarki ya ɗauke, injin tatsa ya tsaya, ta koma tatsar hannu, tana jin rufi yana ƙara a kanta. Ta buɗe wani akwati ta nuna mini lambobin girma na mijin, ta azurfa ta shekara 25 da ta zinariya ta shekara 40. Ta ce ranar da magajin gari ya maƙala masa ta zinariyar, ita furanni aka ba ta, kafin mako sun bushe. Ta faɗa tana dariya, amma ni ban ga abin dariya ba. A ganina rabin lambar nan tata ce, kuma da ni ce majalisar garin da na sa an buga biyu.

Ba kira kaɗai ke cin lokacin iyali ba. Kafin a yarda mutum ya hau mota sai ya yi horon farko na sa'a 70, da yamma da ranakun Asabar, sa'an nan ya ci gaba da koyo cikin ƙungiya har shekara biyu. A ƙauyen nan duk mako biyu suna da gwaji da yamma, a shimfiɗa mesa, a kafa tsani, a jawo ruwa daga rafi. Wanda zai shiga cikin hayaƙi yana da nasa horo dabam, domin zai goya tukunyar iska mai nauyin kilo 15 ko kusa da haka, wadda iskarta ba ta wuce ta kamar rabin sa'a, kuma duk shekara uku sai likita ya auna ƙirjinsa da zuciyarsa. Irin waɗannan ba a yarda su tsayar da gemu ba, wai gashi yana hana takunkumin fuska kamawa, hayaƙi ya sami hanya. Wanda kuma zai shugabanci mota sai ya tafi makarantar kwana-kwana ta jiha a garin Bruchsal ya yi mako biyu. Doka ta hana mai ba da aiki ya tsare ma'aikacinsa in an kira shi, ko ya kore shi saboda haka. Amma babu dokar da ta ce ga wanda zai ɗauko yaro daga makaranta ranar. Wannan sai dai a daidaita a gida.

Akwai wani aiki nasu da ya ba ni mamaki, na kuwa gani da idona, don lokacin yankan ciyawa na je. In aka tara ingirici da sauran danshi a jikinsa, sai ya riƙa yin zafi daga ciki, har wata rana ya kama wuta da kansa ba wanda ya kusance shi da ashana. Saboda haka manomi yakan soka wani dogon sanda mai ma'aunin zafi cikin tarin a makonnin farko. In ya ga awo ya kai 70 ba ya taɓa tarin, sai ya kira 'yan kwana-kwana, su zo su shirya mesa tukuna, kana a huce shi ko a fitar da shi sannu a hankali. Masu tara harawa a kan rufi ko a ɗaki, a bari ta bushe sarai.

To, me ya sa mata suka shiga, bayan ga wahalar da Iya ta faɗa? Wani dalilin sha'awa ce, malama kam tana son aikin ƙwarai, in tana zancen famfo idonta har haske yake yi. Amma babban dalilin larura ce. Dā maza a gona suke ko a injin tsaga katako na cikin gari, jiniya na ɗauka sun iso. Yanzu da yawa sukan shiga mota da sassafe su tafi aiki Offenburg ko wani gari, sai yamma. In wuta ta tashi da ƙarfe biyu na rana, sunaye suna nan cike da littafi, amma mutum 9 ɗin nan sai an yi da gaske. Wannan damuwa ce a ƙauyukan Jamus da yawa. Shi ya sa ake roƙon mata su shigo, da ma'aikatan hukumar gari, a kuma buga wa ƙauyuka biyu ko uku tare. Duk da haka mata ba su fi kamar 1 cikin 10 ba a ƙasar, kuma in mace ta sami ciki sai ta dakata da fita. Inda aka rasa masu sa kai sam, doka ta ba hukuma iko ta tilasta wa mazauna gari, an kuwa yi haka a wani gari wai shi List, a tsibirin Sylt, a 2005. Mutanen ƙauyen da na sauka abin kunya suke ɗaukar wannan, ko a zance ba sa so.

Bayan rabon mako, suna da wata doka tasu ta cikin gida wadda ba ta cikin kalanda. Ko da babbar gobara ce da ta sa Iya ta karɓi yara su biyun suka fita, ba sa shiga gida mai ci tare. In ɗaya ya goya tukunyar iska, ɗayan yana waje wurin famfo. Shugabansu ya san da haka, ba ya kuwa haɗa su. Ba tsoron banza ba ne. A watan Yuli na 2021 ambaliya ta ci kwarin kogin Ahr, mutum fiye da 130 suka mutu a wannan kwari kaɗai, cikin waɗanda suka rasu har da wata budurwa 'yar kwana-kwana mai shekara 19, wadda ruwa ya tafi da ita tana ƙoƙarin ceton wata mara lafiya. A watan Yuni na 2024 kuma, a jihar Bavariya, kwalekwale ya kife da masu ceto da dare, wani ɗan sa kai mai shekara 42 ya rasu. Ranar ambaliya kuwa ɗan kwana-kwana yana can yana kwashe ruwan gidan wani, nasa gidan yana cika, iyalinsa suna fama su kaɗai.

Ku 'yan makaranta, ga naku. Yarinyar gidan tana cikin ƙungiyar yara ta kwana-kwana, wadda aka kafa uwarta ta ƙasa baki ɗaya a 1964. Galibi daga shekara 10 ake shiga, maza da mata, suna da tufafinsu da 'yan hulunansu. Suna koyon ƙulla igiya, da haɗa mesa, da taimakon farko, suna gasa da yaran wasu ƙauyuka, amma a jihar nan ba a kai kowa wurin wuta ta gaskiya sai ya cika 18. Na bi ta wurin gwajinsu wata Juma'a, aka nuna musu abin da nake so kowace mai suyar ƙosai ta ji. Aka ɗora mai a fili har ya kama wuta, wani babba ya tsaya nesa ya zuba masa ruwa kofi ɗaya da dogon sanda. Wutar ta yi tsalle ta fi tsayin ɗaki! Dalili, ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa, zafi ya mai da shi tururi nan take, lita 1 ta ruwa kuwa tana zama tururi lita 1,700, shi ke watsa man mai ci ko'ina. Maganinsa a kashe murhu ko a janye itace, a rufe kaskon da murfi, a bar shi ya huce. Na tambayi yarinyar ko tana jin haushin fitar iyayenta. Ta ce ranar bikin cikarta shekara 9 ana gab da yanka kek uban ya fita, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Amma ta ce in ta cika 18 ita ma za ta karɓi ƙararrawa, kuma ta riga ta zaɓi launinta a kalanda, kore.

A Lahadin ƙarshe aka yi bikin ƙungiyar na shekara. Aka fito da motoci aka wanke, yara suna hawa, makaɗa suna busa, wasu 'yan mata sun zo daga wajen Gutach da hularsu ta gargajiya mai manyan tuntaye na ulu, ja ga budurwa, baƙi ga matar aure. Kek iri-iri ya cika tebur, ana sayarwa kuɗin na shiga asusun ƙungiya. Wa ya toya? Matan nan dai da uwaye, tun daren Juma'a. Malama ta ja ni gefe ta ce kada in taɓa mai baƙi da fari ɗin nan da yankin ya yi suna da shi, akwai giya a ciki, ta yanko mini na tuffa.

Ina zaune ina kallonsu sai na tuna gida. Mu ma ai ba baƙin wannan hali ba ne. In aka yi kururuwar gobara a ƙauye ba wanda ke tambayar ladansa, maza su hau danga, mata su yi ta jawo ruwa, kuma wanda ya san gayya ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba su fi mu zuciya ba ko kaɗan. Abin da na ga sun yi shi ne sun raba aikin tun wuta ba ta tashi ba, har wanda zai riƙe yaro an san shi, kuma sun fara yarda a zauna da matar gida a yi rabon da ita, maimakon a wayi gari ta ga an bar mata. Wannan na biyun ma ba su gama koyonsa ba, kamar yadda na gani a daren da zan taso.

Shugaban ƙungiyar ƙauyen ya tsufa zai sauka, 'yan ƙungiya kuwa su ke zaɓen shugabansu da ƙuri'a, na shekara 5, majalisar gari ta amince. Sun zo sun roƙi maigidan ya tsaya. To, shugaba ba shi da makon shuɗi, kusan kowane kira nasa ne, ga taro, ga takardu. In ya karɓa, makon ja ya mutu ke nan, malama ta koma tsaron gida bayan duk horon da ta sha, Iya kuwa ƙafa ta fara ciwo, ba kullum za ta iya bin auta ba. Sun yi kwanaki suna juya maganar, shi yana cewa in bai karɓa ba babu wani, ita tana cewa haka kowane shugaba ya faɗa wa matarsa. A daren nan, bayan yara sun kwanta, ta faɗi nata sharuɗɗa a gabana da gaban Iya. Zai yi shekara 5 ɗin nan kaɗai, ba ƙari. Kiran rana yana nan a hannunta. Duk shekara za su yi tafiyar mako biyu da yara, a bar ƙararrawa a aljihun tebur, mataimakinsa ya riƙe gari. In wa'adin ya cika kuma, ita za ta tafi Bruchsal ta yi nata karatun shugabancin mota, shi ya zauna da yara. Maigida ya yi shiru, ya shafa kai, ya ce ya yarda. Iya ta tashi da sandarta ta ɗauko takarda da alƙalami ta ajiye a gabansa, ta ce ya rubuta ya sa hannu, ni baƙuwa in zama shaida, domin ta san ɗanta, ta kuma san ubansa.